Saura Lamba Ɗaya

Yau ma ya tsaya, saura lamba ɗaya.

A ɗakin inji na gidan wayar Garwa nake aiki, inda rile, ƙananan makunnan nan masu maganaɗisu, ke haɗa kira ba da hannun kowa ba. Duk lambar da aka juya sai su yi ƙas-ƙas, su zaɓi hanya, su miƙa wa na gaba. Kunnena ya saba, har lambar gidanmu ina ganewa.

Layin da ya tsaya ɗin kuwa na shagon yadin saurayina ne. Tun bara yake cewa zai kira Baba ya nemi izinin turo manya. Kullum bayan la'asar sai ya juyo, ya zo ƙarshe, ya ajiye. Ga shi wata mai kamawa za a mayar da ni aiki garin Meiganga.

Yau kam, kafin ya ajiye na sa yatsa na ƙyasta rilen, na cike masa lambar ƙarshe. Na kara wayar gwaji a kunne.

"Alo? Wa ke magana?" in ji Baba.

"Alhaji... ni ne... wallahi ban gama bugawa ba!"

"Ikon Allah. To ai ga ni, ɗana. Faɗi."

Na zare wayata a hankali.