Duniyar Iska ta Malam Abdulmutallib

Kwana shida ke nan da ɗauke Malam Abdulmutallib a hanyar Gozaki, kuma matarsa Raudatu ba ta rabuwa da waya ko alwala za ta yi. A bakin zani take ɗaure ta. Da ta yi ƙara, sai ta zabura ta kwance ta.

Babur ɗinsa kawai aka tsinta a gefen wata gonar masara, jakar littattafai na rataye, takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa. Bawan Allahn da ko kaza ba ya iya yankawa! Malamin kimiyya ne a wata sakandare cikin Malumfashi, ƙato mai tumbi, ga surutu kamar ya ci aku. Shi dai a ba shi kunne ya yi zancen sama. Kwanakin baya ya ishe ta da labarin wata duniya da masana suka hango can nesa, wadda ta ninka tamu girma ba adadi, amma babu inda mutum zai sa ƙafa a cikinta, iska ce zalla mai ƙuna. Wai ta matsa jikin tauraruwarta har kwana uku kacal take yi ta zagaye ta.

"Ƙato, ciki duk iska? Ai kai ke nan, Malam," ta ce masa ran nan, tana tsince wake. Ya yi ta dariya har da riƙe tumbi. Yanzu in ta tuna, sai ta ji kamar ta tsinke harshenta.

Allah ya sa akwai Alhaji Mudi, ɗan baffan Malam. Tun ranar farko ya tsaya tsayin daka. Shi ya hana a kai magana gaban hukuma. "Mutanen dajin nan kunnensu na ko'ina," in ji shi. "Kina zuwa ofis, gawa za a kawo mana." Shi ne kuma ya ce in har sai an sayar da gonar fadama kafin a fanshi rai, to shi zai rufe ido ya karɓa, don kada ta fita daga dangi. Raudatu ta yi masa godiya har da hawaye. Gonar banza, in dai mutum zai dawo?

Abin da ya fi cinta shi ne rashin sani. Yana wane daji? An ba shi ruwa? Ga hawan jini, ga maganinsa nan bisa taga, kullum tana kallonsa. In ta rufe ido sai ta gan shi ɗaure a gindin bishiya, rana na dukan ƙeyarsa. Ko natsuwar yin kuka ba ta samu, domin injin niƙan da ke bayan katangarta kamar da gayya ya tashi kwanakin nan, ruri yake tun safe har magariba, da masu niƙa da babu.

Bayan la'asar Alhaji Mudi ya yi sallama da takardar gonar a aljihu. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin girki. Ya zauna, ya kakkaɓe gari daga hannun rigarsa, ya ciro carbi. Bai kai ga buɗe baki ba wayar ta yi ƙara.

Muryar mutumin da ke kiranta kan kuɗin fansa ce dai, mai kauri, kamar an toshe baki da rawani. "Kin ce sai kin ji shi. To ga shi."

Layin na ta gurnani yadda ya saba, sai da ta danna wayar a kunne sosai.

"Malam! Malam, kana jina? Sun dake ka? Ka ci abinci?"

"Raudatu." Muryarsa ta zama 'yar siririya. "Kin tuna duniyar nan ta iska?"

Ta shirya wa jin rauni, ta shirya wa jin yunwa, amma ba ta shirya wa wannan ba. Sun taɓa masa kai. Mutum na bakin mutuwa yana karatun aji!

"Malam, don Allah ka yi salati, ka bar zancen nan."

"Kin san abin da ya sa ake wahalar ganinta?" Yana magana a hankali, yadda yake yi wa ɗalibi mai taurin kai. "Ba nisa kaɗai ba ne. Ta cika kusa da tauraruwarta. Kusancin ne ya ɓoye ta."

Ta ji ƙarar mari, ta ji nishinsa. Ta kurma ihu ta durƙushe, amma ba ta saki wayar ba. Alhaji Mudi ya girgiza kai cike da tausayi, yana yi mata alama da hannu ta yi haƙuri.

A daidai lokacin injin bayan katanga ya yi tari sau biyu, ya ja wani dogon numfashi, ya mutu. Unguwa ta yi tsit. Raudatu ta daskare a durƙushe, domin gurnanin da ke cikin wayar shi ma ya yi tari sau biyu, ya ja numfashi, ya mutu. Wani zakara ya yi cara, ta ji shi da kunnen hagu, ta ji shi da na dama ta cikin waya.

Alhaji Mudi ya miƙe zumbur, carbin ya suɓuce masa, ya juya wajen katanga fuskarsa ta sauya.

"Uban wa ya ce a kashe mini inji?"