Bayan An Rufe Rumfar Awon Hayaƙi

Ka ce tun da aka rufe ma'aikatarku zuciyarka ta ƙi kwanciya, kana ganin wahalar da ka sha ta bi ruwa. Gyara zama, ɗana, ka ji wannan.

An yi wani gari a cikin kwari, tsakanin duwatsu biyu, babbar hanya ta ratsa tsakiyarsa. Hayaƙin manyan motoci da babura in ya tashi ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a kan gidaje. Jarirai na tari, tsofaffi na numfashi da ƙyar, farin yadi in an shanya da safe, kafin azahar ya koma ruwan toka. Sai hukumar garin ta kafa rumfa a bakin hanya, ta sa na'urar awon hayaƙi, ta ɗauko wani dattijon bakanike, ta ce kowace mota ta bi ta hannunsa sau ɗaya a shekara. Shi ma yana da dalilinsa na karɓar aikin: matarsa ta daɗe da ciwon ƙirji, ko zaman ƙofar gida ba ta iyawa. Da farko direbobi sun tsane shi, amma bai taɓa kunyata kowa ba. In mota ta faɗi awo, sai ya buɗe injin, ya nuna wa mai ita matatar iskar da ta toshe, ko baƙin man da ya tsufa ya yi kauri kamar kunu, ya tsaya a rana har a gyara. Wani direban tipa mai zafin kai ya faɗi sau uku, ya zage shi tas a gaban jama'a. Dattijon ya bari ya gama, ya miƙa masa ruwan sha, sannan ya shiga ƙarƙashin tipar da kansa.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. A hankali duwatsun suka fito fili, har ana hango awaki a kansu. Ma'aikatan lafiya suka auna iskar garin rani da damina, suka ce ta kai yadda ake so. Hukuma ta ce awo ya gama aikinsa, a rufe rumfa. Dattijon bai yi musu ba. Ya goge na'urar, ya miƙa makulli, ya koma gida. Sai dai tsoro ya zauna masa a ciki. Matarsa ta fara zuwa suna da biki da ƙafarta, tana dariya ba tare da tari ya katse ta ba. Yana kallonta yana tambayar kansa: yanzu da babu mai tsare hanya, wata nawa za a yi kafin hayaƙin ya dawo ya mayar da ita ɗaki? Bai gaya mata ba.

Ran wata kasuwa ya fita sayo mata zuma. A bakin tasha ya ga wata baƙuwar tirela ta shigo tana aman hayaƙi baƙi ƙirin, mata masu talla na toshe hanci da mayafi. Ya yunƙura zai nufe ta. Kafin ya ɗaga ƙafa, direbobi huɗu sun tare ta, ba da faɗa ba, da sallama. Na gabansu mai tipar nan ne, yanzu furfura ta fito masa. Ya ce wa baƙon direban, "Sannu da hanya, ɗan'uwa. Iyayenmu da 'ya'yanmu ke shaƙar iskar nan. Kashe ta mu duba maka, ba za mu ɓata maka lokaci ba." Babu wanda ya aike su. Dattijon ya raɓe bayan teburin mai lemo don kada su gan shi su ji nauyi, yana kallon hannayensu cikin injin har idanunsa suka cika.

Ya koma gida hannu rabbana, ya manta da zumar. Matarsa ta tambaye shi ina saƙonta. Sai ya zauna kusa da ita a kan tabarma, ya ba ta labarin duka, har da tsoron da ya ɓoye mata wata bakwai. Ta ce, "Ai na sani, Malam. Jira nake ka faɗa."

To ka ji, ɗana. Ba a banza Hausawa suka ce ba: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.