Dutsen Matafiyi

"Ga ta can kuma, ita kaɗai a bakin tsauni."

"Ƙyale ta, 'yar'uwa. Da teku take hira."

Matan suka wuce da itace a ka. Nozuko ta ji su, ba ta waiwaya ba. Wata goma ke nan tana cikin baƙin kayan takaba, wadda a al'adarsu shekara guda ake yi, tun ranar da igiyar ruwa ta ɗauke mijinta yana kamun kifi a gindin tsaunin nan. Can ƙasa, ruwa yana ta dukan dutse ba gajiya.

Sivuyile, abokin marigayin, ya hauro da jaka a kafaɗa. Ya tsaya gefen tulin duwatsun bakin hanya, inda duk mai tafiya nesa yake tofa wa dutse yawu, ya jefa a kai don neman sa'a. Wanda ya jefa, ba ya fasa tafiya.

"Maman Lutho, na sami aiki a Durban. Motar rana zan bi."

"A sauka lafiya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kake so mai takaba ta ce?"

Ya sunkuya ya ɗauki dutse. Mai takaba ba ta kallon namiji ido da ido, saboda haka hannunsa take kallo. Ya kai dutsen bakinsa.

Sai ta ɗago kai ta dube shi.

"Sivuyile, don Allah ajiye dutsen nan. Wata biyu suka rage mini. Ka jira ni."