Mai Gadin Bakin Kogi

Da toka da lemun tsami Barikisu take goge lambobin yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a kan faifai su sha iska. Duk unguwar Nima an san ta da abu biyu: wake da shinkafarta da ba ya kai azahar, da wannan tarkace na tsofaffin sojoji da ta cika kwalla da shi.

Turawa da suka raba lambobin yaƙin ƙasar Bama ba su rubuta sunan kowa a jiki ba. In mai lamba ya mutu, ta zama ƙarfe kawai, jikoki su yi wasa da ita ko a sayar wa 'yan gwangwan. Barikisu ba ta iya karatu ba, don haka kowace lamba takan ɗaura mata ƙyallen atamfa daban, ta haddace labarin mai ita. Wannan ta Moro ce, wanda ya ɗauki harsashi a ka har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Waccan ta Salamu ce, mai dafa wa Turawa abinci, wanda a bakinsa shi kaɗai ya ci yaƙin.

Ba sha'awar ƙarfe ta sa ta ba. Mijinta Abdulai ya tafi Bama suna da sabon aure, kuma tun ranar da ya yi mata sallama ba ta sake jin muryarsa ba. Duk tsohon sojan da ta ciyar, in ya gama zuba labari sai ta yi masa tambaya guda: a ina aka bar mata shi? Kowa ya girgiza kai ya ce rundunarsu ba ɗaya ba ce.

Malamai sun sha gaya mata shari'a ta ba ta damar raba auren. Ta ce ta ji. 'Yan'uwanta sun nema mata ɗaki a unguwar Alajo don ta rabu da warin babbar kwatar da ke bin bayan tagarta, ta ce nan ya fi mata. Ba ta kwana a gidan biki ko na makoki, kuma kafin ta sayar wa kowa sai ta zuba kwano guda ta rufe. Da yamma maƙwabta kan ji ta a ɗaki tana maimaita labaran da ta kwaso, ba mai amsa mata. Kaɗaici ya ci ta har ya saba da ita, sojojin kuwa suna ta ƙarewa, kwalla tana cika.

Wata Talata maƙwabciyarta Nafi ta tare ta a bakin famfo.

"Mma Barikisu, akwai wani tsoho a Kotobabi, Saja Mahama. Yaransa ne suka kawo shi daga Tamale ya ga dokta. An ce ya yi Bama, amma ki yi maza fa, jikin ba daɗi."

Ta rufe tukunya da sauran abinci a ciki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tafi.

Ta same shi kwance a tabarma, ƙashi da fata. Da ta ambaci Abdulai Moshi da lambarsa ta soja, sai tsohon ya rufe ido.

"Ni na ajiye shi gadi a bakin kogi," in ji shi. "Na ce masa kada ya yi magana, kada ya ɗauke ido daga ruwan sai na zo na karɓe shi. Aka far mana ta baya, muka watse cikin daji. Ni aka kwashe ni da rauni. Ba wanda ya koma, baiwar Allah. Na manta da shi. Allah ya ji ƙansa."

'Ya'yan tsohon suka ce amin. Barikisu ba ta ce ba. Ta matso kusa.

"Saja, in za a karɓi mai gadi, yaya ake yi?"

Suka dube ta kamar wadda ta zare. Tsohon dai ya gaya mata. Ta baya ake zuwa, a taɓa kafaɗarsa sau biyu, a ce, "Na karɓe ka, je ka kwanta." Kuma dole wani ya tsaya a gurbinsa, in ba haka ba sojan kirki ba zai motsa ba. Ya sa aka ciro lambarsa ta Bama mai siffar tauraro daga ƙarƙashin matashi, ya ce ta riƙe, shi kam nauyi take yi masa.

Wannan lambar ba ta shiga kwalla ba. A ƙofar ɗakinta Barikisu ta maƙala ta a gaban mayafinta. Ta ɗaga labule ta shiga a hankali. Kwanon safe na nan an ci rabi.

Ta tsaya a bayan kujerar da ke bakin taga, ta miƙa hannu ta taɓa sau biyu, ta faɗi abin da aka koya mata, sannan ta gyara tsayuwa ta kafa ido a kan ruwan kwata.

Abdulai, wanda tun ranar da jirgin ruwa ya dawo da shi shekara arba'in ke nan yake zaune a wannan tagar bai ce uffan ba, ya juyo ya dubi tauraron da ke ƙirjinta, ya ce, "Saja, kun daɗe."