Makulli a Zariyar Wando

Hambali ya sake shafa ƙugunsa. Makullin yana nan, a ɗinke cikin zariyar wandonsa, inda ya ɓoye shi tun da aka binne matar tsohon maigidansa, Abu Jasim, a tsakiyar annobar korona.

Direba aka ɗauke shi a wannan gida na unguwar Al Gharrafa a ƙasar Qatar, amma tun da ɓarin jikin tsohon ya shanye, harshensa ya yi nauyi, aikin ya koma wanka da ba da abinci a baki. A ɗakin tsohon akwai akwatin ƙarfe kafe a bango, a ciki da ƙaramar bindiga mai lasisi, ta zamanin da yake zuwa filin harbi. Marigayiya ce mai tsare dokarta: bindiga babu harsashi, harsashi a ƙunshe daban, makulli a jakarta. Da ta rasu, Hambali ya tarar da tsohon zaune gaban akwatin ya zuba masa ido. Bai yi shawara da kowa ba, ya zare makullin daga jakar. Rigakafi, in ji shi, ya fi magani.

An daɗe ba wanda ya tambaya. Sai ga gasar kofin duniya, Doha ta cika ta batse, kuma a lokacin ne abubuwa suka haɗe wa Hambali. Yayarsa Wasilatu tana ta kira daga Gumel: jikin Inna ya yi tsanani, sunansa take ambata. Jasim, ɗan tsohon, mai kula da takardun ma'aikatan gidan, ya tare a Lusail wajen aikin gasa, amsarsa kuwa guda ce duk sanda Hambali ya roƙi fasfonsa don ya tafi gida: fasfo yana ofis, a bari a gama ƙwallo. Da Hambali ya rasa inda zai kai kukansa, sai ya zazzage wa tsohon da guntun Larabcinsa yana ba shi shayi.

Kamar wannan bai isa ba, a makon ne tsohon ya tsiro da tasa.

“Miftah,” ya ce da kyar, wato makulli.

Hambali ya ce ya ɓata. Don ƙarya ta zauna, ya shiga zazzage durowa, yana ɗaga katifa, yana leƙa ƙarƙashin darduma, yana tsaki kamar gaske. Mutumin nan da bai iya ƙarya ba ko a wasa, ga shi ya zama gwani.

Tsohon bai haƙura ba. Ya ture abinci, ya riƙa buga sanda a ƙasa, ya nuna akwatin, ya nuna Hambali, sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya sama. Hambali ya ji tsoro ƙwarai, don a ganinsa mai nuna sama ya gaji da duniya. Faɗa wa Jasim kuma ba dama: baƙo ɗan aiki da makullin bindiga a wando, ai kafin ya gama bayani yana hannun 'yan sanda. Ya daina zaman hira da 'yan ƙasarsu a masallaci, ko kanti ya je sai ya dawo a guje.

Ranar wata Juma'a Wasilatu ta kira, ba ta iya magana ba sai kuka: Inna ta cika. Hambali ya kulle kansa a mota ya yi nasa har ya gode Allah. Bai faɗa wa tsohon ba, kada ya ƙara masa tunanin mutuwa. Abu ɗaya ya rage yana sanyaya masa rai: bai ga tafiyar tsohuwarsa ba, amma wannan tsohon ba zai tafi a hannunsa ba.

Bayan kwana biyu cunkoson 'yan kallo ya riƙe shi a hanyar dawowa daga kantin magani. Tun daga ƙofa ya jiyo ƙugin injin yankan ƙarfe. Tsohon ya lallaɓa da sanda har maƙwabta, inda ake gyaran gini, ya jawo mai walda da hannu.

Hambali ya watsar da ledar magani ya ruga. Ya iske murfin akwatin a wangame, hannun tsohon ya riga ya shiga.

“Baba, don Allah! Khalas, ya isa, Baba!”

Tsohon ko waiwayowa bai yi ba. Ya ture bindigar gefe kamar kwanon da aka gama da shi, ya lalubi can ƙurya, ya juyo fuskarsa cike da murnar wanda ya yi nasara.

“Yalla,” ya ce da kyar, wato maza tafi, “mama,” ya danƙa wa Hambali koren fasfonsa. Ashe saman da yake ta nunawa, jirgi yake nufi.