Wa Ke Rubutu a Shafin Jannatu?

Sa'adiyya na zaune a ofishin malamai tana jiran a kaɗa ƙararrawar tashi, tana latsa waya don rage zaman banza, sai ta ci karo da sunan. Rahamatu. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a layin farko na shafin Jannatu. 

Su huɗu ne suka buɗe shafukansu a intanet tun suna ɗalibai a Kazaure: ita da Jannatu da Batulu da Rukayya. Kowacce takan rubuta yadda ta wuni, miyar da ta ƙone, ɗan acaɓar da ya zuba ta a kwata, sauran su bi ta da tsiya a ƙasan rubutun. Daga baya kowa ta kama gabanta. Batulu ta samu aikin jinya a Gwiwa ta ce ba ta da lokaci. Rukayya ta koma Roni ta rungumi tallan atamfa a waya. Ita kanta Sa'adiyya rabonta da leƙa shafin kowa ya haura shekara. Jannatu ce kaɗai ta riƙe nata, tana rubutu daga gidan aurenta a Babura.

To, Jannatu Bafulatana ce ta gasken-gaske, Rahamatu kuwa 'yarta ce ta fari. Tun ranar suna babu mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinta, balle ta rubuta shi. "Yarinyar nan" take cewa, in abin ya yi daɗi ta ce "'yar mutane". Rukayya ta taɓa yi mata alkawarin turmin atamfa in ta faɗa sau ɗaya tak, ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya, ba ta faɗa ba.

Sa'adiyya ta gangara ƙasan shafin. Rahamatu ta ƙi cin tuwo sai an sa mata man shanu. Rahamatu ta ɓatar da takalmin makaranta ƙafa ɗaya. Rahamatu ta sha mangwaro har ya ɓata mata riga, saboda zafin bazarar nan. Rubutu shida ta karanta, duk da sunan suke farawa, kuma babu wanda ya tanka ko ɗaya a ƙasa.

Ta ɗaga kai ta dubi taga. Ruwa ake yi tun safe, gero har ya fara fitar da kai. Wace bazara? Wane mangwaro? Ta kife wayar a kan tebur, ba ta iya ci gaba ba. Wanda ke wannan rubutu bai san Jannatu ba, ko lokacin da ake ciki ma bai lura ba. In kuwa wani ne ke riƙe da wayarta yana nuna wa duniya lafiya lau take, ita Jannatun tana ina?

Ta kira lambarta, a kashe. Ta kira Batulu, Batulu ta ce rabonta da ita tun bikin ƙanwarta, ta kuma ce tana cikin aiki. Rukayya ba ta ɗauka ba, sai hoton atamfa kala uku ta turo.

Tsoro ya kama Sa'adiyya sosai. Mijin Jannatu, Ɗan'azumi, fataucin shanu yake yi, yakan tsallaka iyaka ya yi makonni, gida daga ita sai yarinya. Ko wani abu ya same ta ana ɓoyewa? Ko tana kwance ba ta san inda kanta yake ba? Akwai tunani na uku, amma duk sa'ad da ya taso sai ta yi a'uziyya ta kore shi.

Ba ta jira ƙararrawar ba. Ta shiga motar Babura da alli a hannun rigarta, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar ranta zai fita.

La'asar ta kawo jiki lokacin da ta isa gidan. Yaran unguwa sun taso daga makaranta, layi ya cika da hayaniya, amma gidan shiru. Wata tsohuwa maƙwabciya a zaure tana tsince wake ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Cikin ƙawayen nata ne?"

"E, Iya. Tana ciki?"

"Sai yau?" in ji tsohuwar, ta mayar da kai ga wakenta.

Sa'adiyya ta wuce ciki. Ta yi sallama sau uku kafin ta ɗaga labule.

Jannatu na zaune a bakin gado da waya a hannu, ta rame, amma da ranta. Sa'adiyya ta zube a gabanta ta riƙe gwiwoyinta, hamdala na fita tare da hawaye.

"Kin kusa kashe ni! Wa kika ba wa shafinki? Wani na can yana rubutu da sunanki."

"Ni ce nake rubutawa."

"Ke? Ke da ko da wuƙa a wuya ba kya faɗar sunan 'yar fari?"

Jannatu ta dube ta, babu fushi a idonta.

"Shekara tara ban kira Rahamatu da sunanta ba ko sau ɗaya, Sa'a, yanzu nake biya. Ranar da aka binne ta a shafin na sanar da ku, na shimfiɗa muku tabarma kwana bakwai."