Lasifika ta Huɗu

"Ƙara," in ji Baba Kura.

Halliru mai gyaran rediyo ya murɗa sabuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Lasifika ta huɗu ke nan yana ɗaura wa tsohuwar Landirobar dattijon. Tun farin da ya watsa ƙauyensu Baba Kura yake bin kasuwanni, daga Babura har Gwiwa, yana cigiyar 'yarsa Mairam. Shanunsa kaf a ɗawainiyar motar nan suka ƙare.

Gilashi ya ɗauki rawa. Masu shaguna suka toshe kunnuwa.

"Baba, ko tana bayan duwatsun Roni za ta ji ka," in ji Halliru.

Baba Kura ya tuɓe takalmi, ya taka ƙasa, ya girgiza kai.

"Ba za ta ji ba, ɗana. Kurma ce. Da tafin ƙafa take gane motata, in ƙasa ta girgiza. Ƙara."